Gwajin Tono da Binnewa a Ɓerayen Bincike: Abin da Za Ka Yi da Wanda Ba Za Ka Yi Ba

Ɗana, an miƙa maka keji, da buhun sassaƙen katako, da 'yan ƙwallayen gilashi guda ashirin, an ce ka saka ɓera ka ƙirga nawa zai binne cikin minti 30. Ba na'ura mai tsada, ba horar da dabba, ba sai ka yi wata kana koyo ba. Shi ya sa kowa yake rugawa wajen wannan gwaji, shi ya sa kuma ake yawan ɓata shi. Na ga kundin digiri da aka gina a kan shimfiɗar sassaƙen da ba a auna ba. Na ga an ƙarar da ɓeraye tuli, aka fito da lambobin da ba mai iya maimaita su, har shi mai aikin. Kuɗi ya tafi, shekara ta tafi, dabbobin da aka ba shi amana sun tafi.

Kafin komai, ka zauna ka kalli ɓera yana tono. Zai sunkuyar da kai, ya cusa hanci cikin sassaƙe, ya yi ta yaƙushi da ƙafafun gaba da sauri har ido ba ya bin su. In tarin ya taru a ƙarƙashin cikinsa, sai ya harba shi da ƙafafun baya. Wani lokaci ya juya ya ture tarin gaba da hanci da ƙirji. Yana cikin haka ƙwallon da ke gefensa zai gangara cikin ramin da ya buɗe, sassaƙen da ya watso ya rufe shi, ɓeran bai ko waiwaye shi ba. Abin da kake aunawa ke nan: tono, ɗabi'ar da aka haifi ɓera da ita. Ƙwallayen shaida ce kawai ta yawan sassaƙen da aka motsa. Duk dokokin nan daga wannan suka fito. Ka karanta, ka bi.

ABIN DA ZA KA YI

1. Ka karɓi izinin kwamitin ɗa'ar bincike a rubuce kafin ka taɓa ɓera ko ɗaya. Mujallar kirki ba ta karɓar aikin da ba izini, kuma ba a neman izini bayan an gama.

2. Ka rubuta tsarin gwajin daga farko har ƙarshe, ka sa hannu da kwanan wata, sannan ka buɗe keji. Dokar da aka rubuta bayan an ga sakamako, son zuciya ne ya rubuta ta.

3. Ka san cikakken sunan zuriyar ɓerayenka da inda aka samo su. "Farin ɓera" ba suna ba ne. Ko C57BL/6 da kowa ya sani ya rabu biyu tun 1951, akwai mai harafin J a ƙarshe, akwai mai N, kuma ƙwayoyin gadonsu da ɗabi'unsu sun sha bamban. Wata zuriyar da ka ajiye ta za ta kama tono, wata sai ta laɓe a lungu. In ka gauraya su, ka auna zuriya, ba ka auna magani ba.

4. Ka bar ɓerayen da aka kawo su huta kamar mako guda. Ɓeran da ya sha jijjigar mota ba ya cikin hayyacinsa.

5. Ka duba lafiyar kowane ɓera, ka ɗora shi a sikeli, ka rubuta. Mai rauni a ƙafar gaba ba zai yi tono ba, kai kuma za ka ce maganinka ne.

6. Ka kai su ɗakin gwaji cikin kejinsu na kwana, su yi minti 30 zuwa awa ɗaya kafin a fara. Sabon ɗaki sabon wari ne da sabon haske, dole su natsu tukuna.

7. Ka ɗauki ɓera da ɗan bututu ko a tafin hannu, kuma ka saba masa da haka kwanaki kafin gwaji. A 2010 Jane Hurst da Rebecca West na Jami'ar Liverpool a Ingila sun nuna cewa ɗaga ɓera ta wutsiya yana sa shi gudun hannun mutum, yana ƙara masa fargaba. Wanda ya tsorata dabba da hannunsa, sannan ya ce zai auna halin da take ciki, aikin hannunsa yake aunawa.

8. Ka zuba shimfiɗa mai zurfin santimita 5, ka auna da rula a kusurwa huɗu da tsakiya. Wannan shi ne zurfin da Robert Deacon na Jami'ar Oxford ya bayar a tsarin da ya buga a mujallar Nature Protocols a 2006, kuma a kansa yawancin masu bincike suke. In shimfiɗa ta yi ƙasa da haka, ƙwallo zai zauna a gindin keji, ɓera ya yi ta tono ba abin da zai rufu. In ta yi yawa kuma ta yi sako-sako, ƙwallo ya nutse da kansa da ɓera ya gifta. Ido ba ya auna santimita 5. Rula ke aunawa.

9. Ka daddanna shimfiɗar a hankali da murfi ko faffaɗan katako har fuskarta ta daidaita. Dannawa iri ɗaya a kowane keji, hannu ɗaya ya yi duka.

10. Ka sayi shimfiɗar da za ta kai ka ƙarshen bincike, iri ɗaya, daga wuri ɗaya. Garin katako mai laushi, da sassaƙe mai kauri, da ɓarzajjen totuwar masara, kowanne da yadda yake haɗiye ƙwallo.

11. Ka yi aiki da ƙwallaye masu girma ɗaya, faɗin milimita 15 ko kusa da haka. Ka jera ashirin, layi biyar, huɗu-huɗu, tazara ɗaya. In kejinka ƙarami ne ka rage su, amma adadin da ka zaɓa shi za ka riƙe har ƙarshe. Ka yanka kwali mai ramuka ya zama ma'aunin jerawa, don jerin safe da na rana su zo ɗaya.

12. Ka ajiye kowane ƙwallo a saman shimfiɗa, ka sake shi. Wanda ka danna da yatsa, kai ka binne rabinsa.

13. Ka wanke ƙwallaye bayan kowane ɓera, ka ɗauraye, ka shanya su bushe sarai. In da etanol kashi 70 cikin ɗari ka goge, ka jira warin ya fice gaba ɗaya. Hancin ɓera yana jin abin da naka ba ya ji.

14. Ka sauke ɓera a kusurwa ɗaya kullum, nesa da ƙwallo, ka rufe keji, ka danna agogo nan take. Minti 30 minti 30 ne. Wanda aka bari minti 38 saboda ka fita amsa waya ya fita daga gwajin.

15. Ka ɗauki hoton keji daga sama kafin a fara, ka sake ɗauka bayan an cire ɓera, da lambar ɓeran a cikin hoton. Ranar da mai jarrabawa ya ce bai yarda ba, hoton ne zai tsaya maka.

16. Ka riƙe doka ɗaya ta ƙirge: ƙwallon da shimfiɗa ta rufe kashi biyu cikin ukunsa, ko fiye, shi ne binnanne. Ka gwada dokar a kan hotuna tare da abokin aikinka har idanunku su daidaita. Rigimar duk tana kan ƙwallon da ke leƙowa, mai ɗan sheƙi a gefen tudu, wanda in ka duba ta nan ka ce ya rufu, in ka zagaya ta can ka ga bayansa a fili. Irin wannan ƙwallo guda uku a kowane keji sun isa su juya sakamakon bincike.

17. Ka ba wani ya ɓoye sunayen rukuni, ya bar maka lambobi kawai, kuma mutum biyu su ƙirga daban-daban. Wanda ya san wane ɓera ya sha magani, idonsa zai ga abin da yake fata, ko da mutumin kirki ne.

18. Ka raba ɓeraye rukuni-rukuni da ƙuri'a. Ɓeran da hannu ya fara kamawa a keji shi ne mai sanyin jiki, wanda ya rage ƙarshe shi ne mai zafin nama. In ka bi tsarin kamu, ka raba su da kanka tun kafin magani ya shiga.

19. Ka cakuɗa jerin gwaji: ɗaya daga wannan rukuni, ɗaya daga wancan. In rukunin kwatanci, wanda ba a ba magani ba, duk da safe ne, na magani duk da azahar, bambancin da ka gani na rana ne.

20. Ka auna tonon kansa, ba ƙwallaye kaɗai ba. Deacon ya bayar da hanya mai sauƙi: keji da shimfiɗa, babu ƙwallo, minti 3. Ka rubuta daƙiƙa nawa ɓera ya yi kafin ya fara tono, sau nawa ya yi, da jimillar lokacin da ya kwashe yana yi. In da hali ka kafa kyamara. Ƙirgen ƙarshe ba ya gaya maka abin da ya faru cikin minti 30, domin ɓera mai ƙwazo yakan binne ƙwallo ya sake tono shi waje.

21. Ka auna zirga-zirgar ɓeran a buɗaɗɗen akwati, da ƙarfin ƙafafunsa a kan sanda mai juyawa, a kan adadin maganin da ka ba shi. Ba tare da wannan ba, ba ka da bakin cewa komai game da raguwar binnewa.

22. Ka ajiye rukunin da aka ba ruwan da aka narka maganin a ciki, ba magani, allura iri ɗaya, lokaci ɗaya. Ka kuma ajiye rukunin sanannen magani. Zafin allura kaɗai yana canza ɗabi'a, kuma in sanannen magani bai yi aiki a kejinka ba, kejinka ne ke da matsala.

23. Ka sa maza da mata a bincikenka, ka gwada su daban, ka rubuta sakamakonsu daban. A 2016 hukumar binciken lafiya ta Amurka, NIH, ta fara neman hujja daga mai neman kuɗinta in zai yi aiki da jinsi ɗaya. Maganin da kake nema ba maza kaɗai za su sha ba.

24. Ka yi gwaji a sa'a ɗaya kowace rana. Ɓera dabbar dare ce, ƙarfe goma na safe tsakiyar barcinsa ne, dab da magariba kuma ya fara miƙa.

25. Ka rataye ma'aunin zafi da na laima a ɗakin, ka rubuta kullum. A Turai ana riƙe ɗakin ɓeraye tsakanin digiri 20 da 24. In ɗakinka yana Zariya ko Kano ko Maiduguri, ka san bazara tana kai zafi digiri 40, hunturu kuma yana busar da komai. Ɓeran da zafi ya kwantar ba ya tono, ɓeran da sanyi ya kama yana cusa kansa cikin shimfiɗa neman ɗumi. Rukunin da aka gwada a watan Janairu da wanda aka gwada a Afrilu a ɗakin da ba na'urar sanyaya wuri, ba a haɗa su a lissafi ɗaya.

26. In gwajin bututu za ka yi, wato wata hanyar auna tono inda ɓera ke kwashe kayan da aka cika bututu da su, ka bi awon. Bututun roba mai tsawon santimita 20, faɗin baki kusan 7, an toshe gindinsa, an ɗaga bakinsa santimita 3 daga ƙasa don kada kayan su zubo da kansu. A cika shi da ƙwayoyin abinci giram 200. A saka shi 'yan sa'o'i kafin a kashe fitila, a auna abin da ya rage bayan awa biyu, a sake aunawa da safe. Ɓera mai lafiya zai shige ciki ya yi ta harbo ƙwayoyin waje, kana jin ƙararsu suna faɗuwa a ƙasan keji. Ka ba su daren koyo, ka kuma ɗauki awon kowanne tun yana lafiya, domin da kansa za ka kwatanta shi daga baya.

27. Ka sa safar hannu, da rigar aiki, da takunkumi. Fitsarin ɓera yana ɗauke da sinadarin da ke tayar da atishawa da ƙaiƙayin ido, ga wasu har asma, kuma tono shi ke watsa ƙurarsa a iska. Akwai waɗanda wannan ciwo ya raba da aikin dabbobi har abada.

28. Ka rubuta komai a rahotonka bisa ƙa'idojin ARRIVE, waɗanda aka fitar a 2010 aka sabunta a 2020: zuriya, jinsi, shekaru, girman keji, irin shimfiɗa, zurfinta, yawan ƙwallaye, sa'ar gwaji. Abin da ba ka rubuta ba, wani zai kashe nasa ɓerayen yana lalube.

ABIN DA BA ZA KA YI BA

1. Kada ka rubuta cewa ɓera yana binne ƙwallaye don yana tsoronsu. Wannan shi ne kuskuren da ya fi kowanne tsada, kuma na san inda ya samo asali. A 1978 John Pinel da Dallas Treit a Kanada sun nuna cewa babban ɓera yakan tura shimfiɗa ya rufe sandar da ta ba shi shokin lantarki. Wannan binnewar kare kai ce, akwai abin tsoro a gabansa. A 1986 Broekkamp da abokan aikinsa a Holan suka shigo da ƙwallayen gilashi don gwajin magunguna a ƙananan ɓeraye, mutane suka ɗauka abu ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne. A 1991 Njung'e da Handley a Ingila suka ga ɓeraye ba sa guje wa ɓangaren da ƙwallayen suke, kuma sabo da su bai rage binnewa ba. A 1995 Gyertyán a Hangari ya nuna cewa ƙwallayen awon tono suke yi, ba su ke tayar da shi ba. A 2009 masu bincike a Kwalejin Likitanci ta Baylor da ke Amurka suka gwada zuriya goma, suka tarar yawan binnewa bai tafi tare da sauran gwaje-gwajen fargaba ba. Fiye da shekara talatin ke nan ana faɗa. Wanda ya rubuta "tsoro" a yau bai karanta ba.

2. Kada ka yi shelar ka gano maganin fargaba don ƙwallaye sun ragu. Diazepam yana rage binnewa. Fluoxetine yana ragewa. Haloperidol, maganin taɓin hankali, shi ma yana ragewa. Duk abin da zai kashe wa ɓera jiki, ko ya sa shi jiri, ko ciwon ciki, zai rage. Ku masu gwada ruwan ganye da saiwa, da ku nake musamman. Ka ɗura wa ɓera mai nauyin giram 25 tsumin da ya murɗa masa ciki, ya takure a lungu minti 30, ka ƙirga ƙwallo biyu, ka rubuta cewa ganyen yana kwantar da hankali. Gobe wani ya karanta, ya jiƙa wa mara lafiyarsa. Alhakin yana wuyanka.

3. Kada ka ce ɓeranka yana da ciwon waswasi. Mai wannan ciwo tunani ne ke addabarsa, yana maimaita abu yana ƙin abin da yake yi, ɓera mai lafiya kuwa tono aikinsa ne na yau da kullum. Ga kuma wannan: fluoxetine yana rage binnewa daga allurar farko, amma a jikin mutum sai an yi makonni ana sha. Iyakar abin da za ka iya cewa, tono ya ƙaru ko ya ragu.

4. Kada ka ɗauki raguwar tono a matsayin samun sauƙi. Sau da yawa alamar ciwo ce. Deacon da abokan aikinsa sun ga ɓerayen da aka lalata wa sashen ƙwaƙwalwa da ake kira hifokamfus sun rage tono, masu cutar ƙwaƙwalwa ta firiyon kuma suna daina kwashe bututu makonni kafin a ga alamar cutar a jikinsu. A 2010 Paulin Jirkof da abokan aikinta a Zurich ta Suwizalan sun nuna cewa ɓeran da aka yi wa tiyatar ciki yana jinkirin shiga aikin bututu, maganin raɗaɗi kuma yana rage jinkirin. In ɓera ya bar tono, ka fara tambayar me ke damunsa.

5. Kada ka ɗebo sassaƙe daga kasuwar 'yan katako ka zuba a keji. Ba ka san itacen ba, ba ka san maganin gara da aka fesa masa ba, ba ka san ɓerayen da suka kwana a kansa ba. Tun 1967 Elliot Vesell ya nuna cewa sassaƙen itatuwa masu ƙamshi irin su sida da fayin yana zaburar da hantar ɓera ta riƙa narka magani da sauri, har maganin barci ya riƙa sakin su da wuri. Kai da kake gwajin magani, shimfiɗarka tana cinye shi ba ka sani ba. In dole ce ta sa, itace ɗaya sananne, a tankaɗe ƙura, a gasa a na'urar kashe ƙwayoyin cuta, a rubuta a rahoto.

6. Kada ka sa mace a shimfiɗar da namiji ya yi fitsari, ko namiji a ta wani namijin da bai sani ba. Zai bar tono ya koma shinshina.

7. Kada ka ba wani rukuni sabuwar shimfiɗa, wani tsohuwa, don buhu ya kusa ƙarewa. Doka ɗaya ga kowa, ko a dakata sai an kawo wani buhun.

8. Kada ka yi aiki da shimfiɗa mai laima. Tana dunƙulewa, ba ta gangarowa kan ƙwallo, kuma tana yin fumfuna.

9. Kada ka tsaya a kan keji kana leƙe. Inuwar da ta faɗo daga sama, a wajen ɓera, shaho ne.

10. Kada ka yi hira, kada ka buga ƙofa, kada wayarka ta yi ƙara. Ɓeran da ya razana yana daskarewa wuri ɗaya, agogo kuwa yana tafiya.

11. Kada ka shigo da turare a jikinka ranar gwaji. Ka bar shi sai an tashi.

12. Kada ka canza mai gwaji a tsakiyar aiki. A 2014 ɗakin binciken Jeffrey Mogil a Jami'ar McGill ta Kanada ya nuna cewa warin namiji, ko da rigar da ya kwana da ita ce aka ajiye a ɗakin, yana tayar wa ɓeraye hankali har su rage nuna raɗaɗi, warin mace kuwa bai yi haka ba. A kan raɗaɗi suka yi aikin, amma dabbar da warin mutum ke taɓa wa jini ba za ka yi wasa da wannan ba a gwajin ɗabi'a. Wanda ya fara shi zai gama, kuma a rubuta namiji ne ko mace.

13. Kada ka kafa gwaji kusa da janareta, ko famfo mai zuba, ko tsohuwar na'ura mai tsiwa. Kunnen mutum yana tsayawa wajen kilohaz 20, na ɓera ya ninka haka fiye da sau uku. Ɗakin da kake jin shiru yana iya zama kasuwa a kunnensa.

14. Kada ka ci gaba in an ɗauke wuta a tsakiyar gwaji. Haske ya canza, fanka ta tsaya, janareta ya tashi. Ka rubuta abin da ya faru, ka ware wannan zagayen.

15. Kada ka kunna farar fitila a ɗakin ɓeraye cikin lokacin duhunsu. In dole ne ka shiga, jar fitila mara ƙarfi. Ka rikita musu agogon jiki, ka rikita kwanakin da ke biye.

16. Kada ka yi gwaji ranar da aka canza musu kejin kwana. Ranar nan suna cikin zirga-zirga da faɗa da sake gina sheƙa.

17. Kada ka kawo ɓeran da ya fito daga gwajin ninƙaya ko na shokin lantarki ka sa shi tono. Gwaji mai sauƙi ke gaba, mai wahala a baya, da kwanakin hutu tsakani.

18. Kada ka ja keji, kada ka karkata shi, kada ka bi ɓera da hannu kana tumurmusa shimfiɗa wajen cire shi. Girgiza ɗaya tana binne ƙwallayen da ɓera bai je kusa da su ba.

19. Kada ka hana ɓera abinci don ya kwashe bututu. Ba yunwa ke sa shi ba, ko tsakuwa ka zuba zai kwashe. Ɓera mai yunwa zama zai yi ya ci, awonka ya lalace.

20. Kada ka bar ɓera shi kaɗai fiye da abin da gwajin ya buƙata. Dabba ce mai zaman taro, kaɗaici yana canza ta. In kuma ka mayar da maza kejinsu, ka tsaya ka duba, don faɗa yakan tashi, kuma suna yi wa juna mummunan rauni.

21. Kada ka cire ɓera daga lissafi don bai binne komai ba, ko don ya binne duka. Sifili sakamako ne. Dalilin cirewa sai wanda ka rubuta tun kafin a fara.

22. Kada ka ɗauki ƙwallo a matsayin samfuri. Ɓera takwas da ƙwallo ashirin-ashirin, samfurinka takwas ne, ba 160 ba. In kuma uwa aka ba magani tana da ciki, 'ya'yanta shida ba shaidu shida ba ne, ciki ɗaya ne. Wanda ya ƙirga su daban-daban ya kumbura lissafinsa da iska.

23. Kada ka manta ƙirgen yana da rufi. Ba a binne fiye da ashirin. In rukunin kwatancinka yana binne goma sha tara, ba za ka taɓa ganin ƙaruwa ba, in yana binne biyu, ba za ka ga raguwa ba. Ka gwada da 'yan ɓeraye kaɗan tun farko ka ga inda zuriyarka ta tsaya. Ka kuma ga masanin lissafi kafin aiki, domin irin waɗannan lambobi ba kowace hanyar lissafi ke dacewa da su ba.

24. Kada ka ari lambobin wani ɗakin bincike ka mayar da su rukunin kwatancinka. A 1999 Crabbe da Wahlsten da Dudek sun shirya gwaje-gwajen ɗabi'a iri ɗaya a Portland da Albany na Amurka da Edmonton ta Kanada, zuriyoyi ɗaya, kayan aiki ɗaya, an fara lokaci ɗaya, duk da haka sakamakon wasu gwaje-gwajen ya bambanta daga gari zuwa gari. Su da suka daidaita komai ke nan. Rukunin kwatancinka a ɗakinka, a ranarka.

25. Kada ka kamo ɓeran gida ko na gona ka cike gurbi, kada kuma ka bar ramin da zai shigo ɗakin dabbobi. Ɓeran Mastomys da ke yawo a gidajenmu da rumbunanmu shi ke ɗauke da zazzaɓin Lassa, cutar da aka gano a 1969 a garin Lassa na jihar Borno. Wannan ya wuce ɓata bincike, maganar ranka ce da ta mai share ɗakin.

26. Kada ka yi ta ƙara ɓeraye har lissafi ya ba ka abin da kake so, kada kuma ka yi da uku-uku don tsimi. Na farko maguɗi ne, na biyu asarar rai ce ba amsa. Tun 1959 Russell da Burch suka shimfiɗa ƙa'ida: a musanya dabba da wata hanya in da hali, a rage yawansu, a sauƙaƙa musu wahala. Adadin da lissafi ya nuna tun farko, shi ne adadinka.

27. Kada ka ɓoye sakamakon da bai nuna bambanci ba. In ka ɓoye, wani ɗalibi zai maimaita aikin baɗi da wasu ɓerayen.

28. Kada ka sa ɓera a kejin gwaji in ka gan shi a takure, gashi a tashe, ido a lumshe, ko nauyinsa yana zubewa. Ka mayar da shi, ka rubuta lambarsa da sa'ar da ka gan shi, ka kira likitan dabbobi a ranar, ba gobe ba. Ko malaminka yana jiran lambobi, ko saura kwana biyu ka miƙa kundi, ɗana, ka fara kiran likitan.